HALI ZANEN DUTSE NE? ƘWAƘWALWAR KANGARARREN YARO DA NAUYIN DA KE WUYAN MATASA MUSULMI

Babu unguwar da ba a san irinsa ba. Yaro ne wanda tun yana ɗan shekara 7 ko 8 yake ɗaure wa kyanwa tsumma a wutsiya ya cinna mata wuta, ya fasa wa ƙanensa kai da dutse ya tsaya yana kallon jini ko gezau, ya ɗauke kuɗin cefane ya rantse da girman Allah bai gani ba. An doke shi har an gaji, an yi masa rubutu an yi tofi, an tura shi ƙauye wajen kawunsa an dawo da shi. Kafin ya kai 15 ya fara kwana a waje, kafin 20 an ji shi cikin 'yan daba a Kano, ko sara-suka a Bauchi, ko 'yan kalare a Gombe, ko cikin masu soka wa bawan Allah wuƙa a kan wayar hannu. Idan aka ambaci sunansa sai dattawa su girgiza kai su ce hali zanen dutse, wannan haka aka halicce shi.

To, abin tambaya a nan shi ne, shin haka ɗin ne? Wannan mas'ala ta shafi 'yan'uwa matasa kai tsaye, domin kuwa irin wannan yaro ƙanen wani ne, ɗan maƙwabcin wani ne, ɗalibin wani ne a makarantar Islamiyya. Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe suna bincike a kan irin waɗannan yara, har ta kai suna ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu da na'ura. Alal haƙiƙa abin da suka gano ya tabbatar da cewa akwai wani abu a jikin yaron da ya bambanta, amma kuma ya rushe zancen cewa babu gyara. Wajibi ne Musulmi ya san duka biyun.

WANE YARO AKE MAGANA?

Ba kowace ƙiriniya ce ake nufi ba. Yaro ya yi faɗa a layi, ko ya gudu daga makaranta sau ɗaya, wannan yarinta ce. Abin da likitoci suke kira cutar kangarar ɗabi'a yana da sharuɗɗa. Kundin ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, bugun shekarar 2013, ya lissafa alamomi 15 a ƙarƙashin gida huɗu: cutar da mutane ko dabbobi, lalata dukiya, ha'inci da sata, da kuma keta manyan dokoki kamar gudu daga gida. Sai yaro ya haɗa aƙalla uku daga ciki a tsawon wata 12, har abin ya ɓata masa rayuwa, sannan a ce yana da ita. An ƙiyasta cewa yara 2 zuwa 3 cikin 100 ne suke da wannan matsala a duniya, maza sun fi yawa, kuma wanda abin ya fara masa kafin shekara 10 ya fi zama cikin haɗari.

A cikin waɗannan akwai wani kaso ƙarami da ya fi tayar da hankali. Su ne waɗanda ba sa nadama bayan sun yi ɓarna, ba sa jin tausayin wanda suka cuta, ba su damu da ko sun ci jarrabawa ko sun faɗi ba, sannan fara'arsu da kukansu duk na fatar baki ne. Waɗannan ne ake ji wa tsoron kada su girma su zama abin da Turawa ke kira saikofat, wato mai ƙeƙasasshiyar zuciya. Wani likita Ba'amurke mai suna Hervey Cleckley ya siffanta su a littafinsa na shekarar 1941 da mutanen da suka sa takunkumin hankali a fuska: ga iya magana, ga shiga rai, amma ciki fayau babu imani. Daga baya Robert Hare na ƙasar Kanada ya tsara ma'auni mai gaɓa 20 na gane su. Ana ƙiyasta cewa kusan mutum 1 ne cikin 100 na manya yake haka, amma a gidajen yarin Amurka da Kanada adadin ya ninka haka sau da yawa.

ABIN DA NA'URA TA NUNA

Tun a ƙarni na 19 likitoci suka fara fahimtar cewa ɗabi'a tana da alaƙa da tsokar da ke cikin ƙoƙon kai. A shekarar 1848, a jihar Bamont ta Amurka, wani shugaban leburorin aikin layin dogo mai suna Phineas Gage yana dunƙula albarushi cikin dutse sai abin ya tashi, sandar ƙarfe ta shiga ta ƙarƙashin kuncinsa na hagu ta fita ta tsakiyar kansa. Cikin ikon Allah bai mutu ba, amma likitansa ya rubuta cewa mutumin da aka sani da natsuwa ya koma mai ashar da rashin haƙuri. Sandar ta lalata sashen gaban ƙwaƙwalwa ne, wanda ke bayan goshi, kuma a yau an san cewa wannan sashe shi ne yake taka wa mutum birki, yake auna masa ƙarshen abu kafin ya aikata. Shi ne kuma sashen da yake jinkirin nuna, ba ya kammala sai mutum ya haura shekara 20.

Akwai kuma wani ɗan curi mai suna amigdala, guda biyu ne, ɗaya a kowane gefe can cikin ƙwaƙwalwa, kowanne bai fi ƙwayar gyaɗa babba ba. Aikinsa shi ne kaɗa ƙararrawa idan an ga abin tsoro, ko an ga tsoro a fuskar wani. Shi ya sa idan mutum ya ɗaga hannu zai mari yaro, ya ga idon yaron ya firfito, sai ya ji gabansa ya faɗi hannunsa ya yi sanyi. A shekarar 2008 Abigail Marsh da James Blair da abokan aikinsu a Amurka suka nuna wa samari hotunan fuskokin mutanen da suka firgita, alhali suna cikin na'urar MRI. Masu alamun ƙeƙasar zuciya, amigdalarsu ba ta motsa kamar ta sauran ba. Ma'ana, ƙararrawar da ke hana sauran mutane cuta, a wajensu sautinta ya yi ƙasa.

A 2011 Graeme Fairchild da abokan aikinsa a Jami'ar Kambirij ta Ingila suka auna ƙwaƙwalwar samari maza fiye da 60 masu kangarar ɗabi'a, suka tarar amigdala da wani sashe mai suna insula, wanda ke da hannu wajen jin zafin da wani ke ji, sun fi ƙanƙanta a wajensu. Sai kuma bincike mafi girma da aka buga a 2024 a mujallar Lancet ta likitocin ƙwaƙwalwa, ƙarƙashin jagorancin masana daga jami'o'in Bath da Birmingham. An haɗa hotunan yara da matasa 1,185 masu wannan matsala da na 1,253 marasa ita, 'yan shekara 7 zuwa 21, daga ƙasashe daban-daban. Natijar ita ce, faɗin ɓawon ƙwaƙwalwa ya ragu a sassa 26 cikin 34 da aka auna, haka nan amigdala da wasu sassan ciki sun fi ƙanƙanta.

HATTARA DA HUKUNCIN HOTO

A nan ne mai karatu zai yi taka-tsantsan. Bambancin da aka samu ƙarami ne, kuma sai an tara ɗaruruwan yara an ɗauki matsakaici sannan yake bayyana. Babu likitan da zai kalli hoton ƙwaƙwalwar yaro ɗaya ya ce wannan zai yi kisa. Akwai kangararru masu ƙwaƙwalwa daidai da ta kowa, akwai kuma salihan yara masu ƙaramar amigdala. Wani masanin ƙwaƙwalwa a Jami'ar Kalifoniya, James Fallon, yana nazarin hotunan masu kisan kai sai ya ci karo da wani hoto mai irin siffarsu sak a cikin hotunan iyalinsa, da ya bincika ashe nasa ne. Mutumin ya rayu da matarsa da 'ya'yansa har ya mutu a 2023 bai kashe kowa ba, kuma shi da kansa ya danganta haka ga ƙaunar da ya samu wajen iyayensa.

Tarihi ma ya isa gargaɗi. A 1876 wani likitan Italiya, Cesare Lombroso, ya riƙa auna ƙoƙon kan fursunoni da muƙamuƙansu yana da'awar cewa ana haihuwar mutum da laifi a fuska, kuma aka cuɗa wannan da wariyar launin fata. A 1995 wani farfesa a Amurka, John DiIulio, ya yi shelar cewa ga wata rundunar yara marasa imani nan tafe za su cika tituna da jini. Jihohi suka tsaurara dokoki, aka riƙa yi wa yara shari'a kamar manya, abin ya fi faɗawa kan 'ya'yan baƙar fata. Rundunar ba ta zo ba, laifukan matasa ma raguwa suka yi, shi kuma ya dawo yana nadama bayan an riga an salwantar da rayuwar dubbai. Duk lokacin da aka ba azzalumi ilimin da zai ce wasu mutane da sharri aka haife su, to 'ya'yan talakawa da raunana ne za su ɗanɗana kuɗarsu.

Alhali kuwa binciken da ya bi yara tun daga ƙuruciya har girma ya nuna wani abu daban. Lee Robins ta bibiyi yara fiye da 500 a birnin San Luwis na Amurka bayan shekara 30, ta buga sakamakon a 1966. Abin da ya fito daga ayyukanta shi ne, kusan duk babban mai ta'asa ya fara ne tun yana yaro, amma mafi yawan yara masu ta'asa ba sa girma da ita. A garin Dunidin na ƙasar Niyu Zilan an bibiyi yara 1,037 da aka haifa tsakanin 1972 da 1973, inda Terrie Moffitt ta bayyana a 1993 cewa akasarin samarin da ke ɓarna suna dainawa idan sun mallaki hankalinsu, 'yan ƙalilan ne suke ɗorewa. Shi kansa Gage na sandar ƙarfe, daga baya ya natsu har ya yi shekaru yana tuƙin keken doki na fasinja a ƙasar Cili kafin mutuwarsa a 1860.

GADO NE KO RENO?

Duka biyun ne, kuma ɓoye gaskiya ba ya cikin tarbiyyar Musulunci. A 2005 Essi Viding ta yi nazarin dubban tagwaye 'yan shekara 7 a Ingila, ta samu cewa kusan kashi biyu cikin uku na bambancin da ke tsakanin yara wajen ƙeƙasar zuciya yana komawa ne ga gado. To amma gado ba hatimi ba ne. A 2016 Luke Hyde da abokan aikinsa suka duba iyalai 561 a Amurka da suka ɗauki jarirai riƙo. Jariran da iyayensu mata na jini suke da mummunar ɗabi'a sun fi nuna alamun rashin tausayi, ko da yake ba su tashi a hannunsu ba. Sai dai idan uwar riƙo mai yawan yabo ce da jan yaro a jiki, tasirin gadon yakan dushe ƙwarai.

A ƙasar Romaniya, bayan faɗuwar mulkin kama-karya na Ceausescu a 1989, duniya ta ga dubban yara jibge a gidajen marayu, ana ba su abinci amma babu mai ɗaukarsu, babu mai yi musu wasa. Daga shekarar 2000 masana suka ɗauki yara 136 a birnin Bukares, aka mayar da rabinsu hannun iyalai. Da suka kai shekara 12, yara mazan da suka samu iyali sun fi waɗanda aka bari ƙarancin alamun ƙeƙasar zuciya. Wannan ya dace da abin da ya tabbata daga Manzon Allah (S) cewa kowane jariri a kan fiɗira ake haihuwarsa, iyaye ne suke karkatar da shi.

Akwai kuma abin da ke cin ƙwaƙwalwar yaro daga waje. Binciken da aka yi a birnin Sinsinati na Amurka, aka buga a 2008, ya nuna cewa yaran da gubar dalma ta yi yawa a jininsu sun girma da raguwar sashen gaban ƙwaƙwalwa, musamman maza, kuma an fi kama su da laifi. Wannan ba labarin nesa ba ne. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, dubbai kuma suka rayu da ita a jiki. Waɗanda suka tsira yanzu samari ne. Ga yunwa, ga duka a ka, ga yaron da aka yi wa kisa a gabansa, ga kodin da gwamnati ba ta hana shigowa da shi ba sai a 2018, ga taramol da sholisho. Wa ya bar waɗannan abubuwa suka yi katutu? Wa yake saya wa yaran ƙwaya da wuƙa idan zaɓe ya ƙarato, ya watsar da su idan ya hau kujera, alhali nasa 'ya'yan suna karatu a ƙasar waje? Wallahi akwai ranar tsayuwa.

BULALA DA MARI BA SU YI BA

Babban darasin da ya fito daga wannan ilimi shi ne, yaro mai irin wannan hali ba ya koyo daga azaba kamar sauran yara, domin ƙararrawar tsoron nan tasa ba ta da ƙarfi. Ƙarin duka ƙarin taurin kai ne da ƙullata. Amma yana matuƙar son lada, yana bin abin da zai samu. A jihar Wiskonsin ta Amurka an buɗe cibiyar Mendota a 1995 domin samarin da suka gagari sauran gidajen kangararru. Maimakon ƙarin horo, sai aka riƙa saka wa yaro nan take a kan duk ɗan alherin da ya yi, komai ƙanƙantarsa, tare da ma'aikatan da ba sa yin fushi su yar da shi. Da aka bibiyi samari 248 bayan sakinsu, waɗanda suka bi ta Mendota sun fi ƙarancin komawa ga ta'asa, kuma babu ɗayansu da ya yi kisa, alhali takwarorinsu da aka tsare a gidajen da aka saba sun kashe mutum 16.

A gwama wannan da abin da aka gani a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka fitar da mutane fiye da 300, har da ƙananan yara, daga wani gidan gyaran hali, wasu da mari a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Bayan makonni aka sake ganin irinsa a Daura. Abin takaici da sunan addini aka yi wannan, alhali addini ya barranta daga gare shi. Anas bin Malik ya yi wa Manzon Allah (S) hidima shekara 10 yana yaro, bai taɓa jin ko tsaki daga gare shi ba. Da Aƙra'u bin Habis ya yi alfahari cewa yana da 'ya'ya 10 bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, Manzo (S) ya sanar da shi cewa mara jin ƙai ba zai samu jin ƙai ba. Da wani saurayi ya zo yana neman a halatta masa alfasha, sahabbai suka taso masa, sai Manzo (S) ya matso da shi kusa, ya riƙa tambayarsa ko zai so a yi wa mahaifiyarsa, ko 'yarsa, ko 'yar'uwarsa, har yaron ya ji a jikinsa abin da wasu za su ji, sannan ya ɗora masa hannu ya yi masa addu'a. Koya wa zuciya jin zafin wani kenan, abin da likitoci suke fafutukar koyarwa a yau.

Kada kuma wani ya ɗauka wannan bayani uzuri ne ga mai laifi. Shari'a ta ɗauke alƙalami daga yaro har ya balaga, da mai barci, da mahaukaci. Mai ƙeƙasasshiyar zuciya ba mahaukaci ba ne, ya san daidai ya san kuskure, damuwa ce bai yi ba. Idan ya balaga ya zubar da jini, haƙƙin wanda aka zalunta yana nan, kuma kare al'umma daga sharrinsa wajibi ne. Sanin cewa jarrabawarsa ta fi ta wasu nauyi dalili ne na a tare shi da wuri, tun kafin a kai ga gawa. Kuma ko mutumin nan na cikin mutanen da, da ya kashe rai 100, malamin da ya ba shi fatawa bai rufe masa ƙofar tuba ba, ya dai umarce shi da ya bar garin miyagu ya koma cikin mutanen kirki. Sauya abokan zama yana cikin magani.

AIKIN DA KE GABAN 'YAN'UWA

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duk ɗan'uwan da ya ga ƙanensa ko ɗalibinsa yana azabtar da dabba don nishaɗi, yana wasa da wuta, yana ƙarya ido cikin ido babu kunya, kuma abin ya ɗore, to kada ya ce yarinta ce, kada kuma ya laƙaba masa sunan ɗan iska ko shaiɗan a gaban jama'a, domin yaro yakan zama abin da ake kiransa. Ya ja shi a jiki, ya tafi da shi masallaci da wajen sana'a, ya kafa masa doka kaɗan bayyananna wadda ba ta canzawa, ya yaba masa nan take idan ya yi daidai, ya nuna masa fuskar wanda ya cuta ya ce ya duba da kyau. Ya ba iyaye shawara a kai shi ga likita, domin akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano, kuma neman magani ba ya cin karo da tawakkali. Malaman Islamiyya su daina korar irin wannan yaro tun karon farko, domin duk yaron da makaranta ta kora, daba tana jiransa da hannu biyu.

Sannan kowane matashi ya binciki tasa zuciyar. Alƙur'ani a cikin Suratul Baƙara ya ba da labarin mutanen da zukatansu suka ƙeƙashe har suka zarce dutse, kuma ba da haka aka haife su ba, saɓo ne ya kai su. Saurayin da ke kallon bidiyon yanka yana tura wa abokai yana dariya, da wanda ke ɗaukar hoto yayin da ake ƙona wanda ake zargi da sata, su ma suna kashe tasu ƙararrawar da hannunsu. Mai neman kafa adalci a bayan ƙasa ba zai yiwu ya zama mara tausayi ba.

Allah Ya shiryi yaran Musulmi, Ya tausasa zukatan da suka bushe, Ya ba iyaye da malamai haƙurin tarbiyya, Ya kuma isar wa raunana a kan duk wanda ya mayar da 'ya'yansu makamin neman duniya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.